Safar Gola a Kwanon Tuwo

A shekarar da aka fara kiran garin da sabon sunansa Suleja, tsofaffi kuma bakinsu na kuɓucewa su ce Abuja, kulob ɗin hoki na garin, wato masu buga ƙwallo da sanda, ya ɗauko gola daga Kaduna. Sunansa Gwadabe. Dogo ne mai faɗin ƙirji, kullum gashinsa a taje ya tashi sama. Tun da ya tsaya a raga ba wanda ya zura masa ƙwallo, har 'yan Minna da suka saba lallasa kulob ɗin duk shekara.

Sai dai yana da tsada. Malaman makaranta da teloli da ma'aikatan En'e ne suke haɗa kuɗi duk wata su biya shi. Sun kama masa ɗaki a unguwar Kwamba, a lokacin da ma'aikatan sabon birnin tarayya suka cika gari haya ta yi wuya. Sun saya masa keke. Abinci kuwa aka bi abin da aka saba yi wa baƙo: ba ya ɗora tukunya, gidajen 'yan kulob ke aika masa kwano a rufe, yau wannan gida, gobe wancan.

Kafin zuwansa Tanimu kafinta ne gola. Kulob ɗin fad ɗaya yake da shi, wato katifun nan da gola yake ɗaurawa daga ƙafa zuwa cinya, don ƙwallon hoki ƙarama ce amma taurinta kamar dutse. Gwadabe ya karɓe fad ɗin ya kai ɗakinsa. Wata rana da yamma ana horo, ya ce yana so ya gwada hannunsa a bugu, Tanimu ya tsaya masa a raga. Tanimu ya nemi fad.

"Fad nawa ne yanzu," in ji Gwadabe. "Kai tsohon hannu ne, tsaya haka."

Tanimu ya tsaya. Bugu na biyu ƙwallon ta same shi a ƙoƙon gwiwa, har na bakin fili suka ji ƙarar. Yana kwance yana juyi, Gwadabe ya leƙo shi yana dariya.

"Kafinta, ka buga mata ƙusa mana."

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ba ta ƙara lanƙwasawa ba. Tanimu ya daina hawa tsani ya buga rufi, ya koma yin kujerun tsuguno a zaure.

Ƙanwarsa Safara'u ce take girki a gidan tun da idon Inna, mahaifiyarsu, ya yi rauni. Yarinya ce mai kunya, in baƙo ya yi sallama sai ta ruga ɗaki. Ita ta riƙa dafa ruwan gasa gwiwar nan, ita ta riƙa jin nishinsa. Da zagayen abincin gola ya zo kan gidansu ta ce ba za ta dafa ba.

"Baƙon gari ne," Tanimu ya ce. "Kar a ce don abin da ya faru muka hana shi abinci. Ki dafa."

Ta dafa tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zuba a kwanon Inna mai furanni, wanda ba a fito da shi sai don baƙi. Washegari kwanon ya dawo a rufe, ba a wanke ba. Da ta ɗaga murfin sai wari ya buge ta. Safar Gwadabe ce a ciki, ta wasa, duk laka da gumi, a kan ragowar miya. Har da saƙo aka haɗo: a wanke, a sa bula.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta mayar da murfin, ta ɗaure kwanon da tsohon ɗankwali, ta tura shi can ƙarƙashin gado.

Bayan 'yan makonni Gwadabe ya ce a saya masa babur, in ba haka ba akwai masu nemansa a Kano. Aka kira taro a zauren Tanimu tun da ba ya iya tafiya mai nisa. Safara'u ta tsaya bayan ƙofa tana ji.

Lado tela, mai riƙe asusun kulob, shi ya fara. "Ɗaki, keke, albashi, yanzu babur. Gobe sai ya ce mu yi masa aure. Ni dai a sallame shi. Ko sanduna ba mu iya sayen sababbi ba bana."

Malam Bamalli, shugaban kulob, ya ce, "Lado, ka manta yadda 'yan Minna suke mana waƙa a tasha? Tun da yaron nan ya zo wa ya ƙara yi mana waƙa?"

"To a ba shi zaren ɗinkina ma, Malam."

Aka yi dariya. Sai aka yi yadda suka saba: mai son a riƙe shi ya ajiye sandarsa ta hoki a dama, mai son a sallame shi a hagu. Safara'u ta leƙa ta tsagin ƙofa. Sandunan dama sun fi yawa. Ta ga Tanimu ya miƙa hannu ya ɗora tasa a kansu.

"Ba don ni kulob zai yi asara ba," ya ce.

Ta koma madafa ta zauna. Wannan ya fi safar ƙona mata rai.

Ranar Asabar aka yi suna a gidan Malam Bamalli, ƙanwar Mairama, matar Malam, ce ta haihu. Matan 'yan kulob duk suna tsakar gida, ana ta tuƙa tuwo ana hira. Safara'u ta shigo da ƙulli a hannu, ta durƙusa gaban Mairama ta gaishe ta, ta kasa ɗaga kai.

"Safara'u, yau ke ce a taro? Me kika kawo mana?" in ji Mairama.

Ta kwance ɗankwalin, ta ɗaga murfin. Matan da ke kusa suka toshe hanci. Safar ta yi furfura, miyar ta bushe a jikinta.

"Gwaggo, tukwicin tuwona ne," ta ce a hankali. "Daga golan su Malam. Ya ce a sa bula."

Sai matar Lado ta tafa hannu. "Ni ma nawa kwanon da guntun sigari ya dawo, na ce ko kuskure ne!"

Wata ta ce ita tata miyar ya aiko a gaya mata ba nama. Mairama ta daɗe tana kallon kwanon mai furanni, don ta san na Inna ne.

"Mazanmu sun ce a aika masa kwano," ta ce. "Za a aika. Tun da wurin zuba safa yake nema, a aika masa ba komai a ciki, ya samu wuri."

Haka aka yi. Kowace yamma maigida yana zaune a ƙofa zai ga kwano ya fita a rufe, an ɗaure shi da kyau, ya gyaɗa kai. A Kwamba Gwadabe ya buɗe ya ga fuskarsa a ƙasan kwano. Da farko girman kai ya hana shi magana. Ya hau keke ya tafi tasha wurin Yalwa mai tuwo, ashe ita ma tana wurin sunan ranar nan.

"Ya ƙare," ta ce, tukunyarta na tururi a gabansa.

"Ga shi ina gani!"

"Na masu wanke safarsu ne."

Ya koma shayi da burodi da tsire, kuɗinsa na tafiya. A ƙarshe ya kai ƙara wurin Malam Bamalli. Malam ya shiga gida da faɗa, Mairama ta saurare shi har ya gama.

"Malam, in kwanon da kake cin tuwo aka dawo da shi da safa, me za ka yi? Ka ce mu aika kwano, mun aika. In tuwo kake so a ciki, ga muciya can."

Da Gwadabe ya ga kwanuka ba za su cika ba, ya ce to a ƙara masa kuɗin abinci a kan babur. Aka sake taro. Wannan karon Lado bai ma yi dogon bayani ba, ya ce asusu ba zai ɗauka ba, kuma duk mai son gola ya kai shi gidansa ya shawo kan matarsa. Kowa ya sunkuyar da kai. Sanduna suka taru a hagu, ta Malam Bamalli ce ta ƙarshe.

Ranar da zai tafi, aka ce ya mayar da fad ɗin kulob zauren Tanimu. Ya zo da hantsi, ya rame, gashin ma bai taje ba. Ya ajiye fad ɗin ya tsaya yana kallon ƙafar da ke miƙe a kan tabarma.

Tanimu ya ɗaga murya. "Safara'u! Baƙo zai hau hanya. Ko ɗumame ne a kawo masa."

Aka ɗan jima. Sai ga ta ta fito da kanta, ita da ba ta taɓa fitowa gaban baƙo ba, ta ajiye kwano mai furanni a gaban Gwadabe. Ya zauna da sauri, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfin.

Tanimu ya leƙa, ya dubi ƙanwarsa. "Mene ne wannan?"

"Kayansa ne, Yaya. Kar ya manta su a garinmu." Ta juya ta dubi Gwadabe ido cikin ido. "Bula ta yi tsada, ban samu ba."

Gwadabe ya tsame safarsa da yatsa biyu, ya miƙe ya fita, ko sallama babu.

A ƙarshen watan 'yan Minna suka zo suka zura wa sabon gola ƙwallaye har aka daina ƙirgawa, suka yi waƙarsu a tasha. Tanimu ya dawo daga fili yana ɗingishi yana ta tsaki. Safara'u tana bakin rijiya tana goge kwanon Inna da toka da ruwan zafi. Ta ɗauraye shi, ta ɗaga shi ga rana ta duba, ta kife shi ya bushe.