Ƙyallen Malama Sharofat

Malama Sharofat ta rasu tana da shekara casa'in da takwas, kuma ni dai zargina shi ne mutuwa ta daɗe tsaye a bakin ƙofa tana tsoron shiga ba izini. Ita ta koya mana lissafi a makarantarmu ta garin Margilan, da jan biro a hannun dama, rular ƙarfe a hagu. Har yau in sanyi ya sauko yatsuna suna tuna ta.

A wurinmu in tsohuwa ta kai irin waɗannan shekaru, ana yayyaga yadi a raba wa matan da suka zo gaisuwa, wai kowace ta ɗebi tsawon ranta. Shekara arba'in na yi ina aikin asibiti, ban taɓa ganin ƙyalle ya sauke hawan jini ba. Amma ƙawata Gulandom, wadda muka zauna benci ɗaya, ciwon zuciya ya kwantar da ita tun bazara, kuma ta yarda da wannan al'adar har cikin ranta.

Ta ce da ni a waya, "Muyassar, ki karɓo min nawa. Babba fa. In ban samu ba, ba zan ga dusar ƙanƙarar bana ba."

Na ce, "To, uwar camfi."

A gidan rasuwar, bayan shayi da gurasa, Nigora matar ɗan Malama ta buɗe akwati tana sunkuyar da kai. Ashe Malama ba ta yarda wani ya yaga mata yadi a karkace ba. Da kanta ta yanka tun tana raye, ta maƙala wa kowane sunan mai shi, kuma girmansa gwargwadon makin da muka ci a ajinta.

"Ku yi haƙuri, iyayena," in ji Nigora. "Wasiyya ce."

Wata tsohuwa ta ɗaga nata ta ce, "Shekara sittin, har yanzu maki uku nake ci?"

Nawa alharini ne, zai yi riga har da ɗankwali. Na Gulandom ko hancin jariri ba zai share ba. In na kai mata wannan, ai na kai mata sammacin mutuwa.

Sai na yi irin abin da na saba yi mata tun muna yara in zan miƙa mata amsa a aji, wanda ya jawo min dukan rula ba adadi: na sa hannu ƙarƙashin tebur zan musanya sunayen. Ina warware nawa, wata 'yar takarda ta faɗo, da jan rubutun nan da ba ya karkata:

"Muyassar, na san Gulandom za ki ba. Ba ki taɓa iya ɓoyewa ba. Ki ba ta a saman tebur ko sau ɗaya a rayuwarki."

Na ce a fili, "Kai, wannan mata!" Aka ɗauka kuka nake, har ana dafa min kafaɗa.

Na kai wa Gulandom duka biyun, da takardar. Ta karanta, ta yi dariya har da tari, ta lulluɓa da alharinin, ta ce a zubo mata miya, karon farko cikin kwana huɗu.

"Ke fa, da me za ki tsira?"

Na ɗauki ɗan mitsitsin na cusa a jaka. "Wannan ya ishe ni. In na daɗe kamar Malama, halinta zan ɗauka."

"Ai kin riga kin ɗauka," in ji ta. "Miƙo cokali."