Hannun Babur Mai Ɗumi

…kuma har yanzu bai huce ba. Na wuce Charing Cross, na hau gada, iskar kogi tana yankar wuyana ta ƙarƙashin hular kwano, amma tafin hannuna da ɗumi. Ɗumi, Zaratu 'yata. A watan Janairu, a kan babur, a garin Turawan nan. Ikon Allah.

Na matsa kulochi — yatsu sun ji. Na kama birki, sun ji. Yaushe rabon da in san inda yatsuna suke bayan la'asar? Ambulan ta ƙarshe da na kai ofishin jakadancin nan na Northumberland Avenue, da hannuna na ciro ta daga jaka. Ba da haƙori ba. Mai gadin har ya dube ni, ya saba ganina ina cizon takarda.

Roba ce fa kawai. Baƙar roba irin ta kowane hannun babur, sai wata waya siririya da aka naɗe a cikinta, ko ganinta ba a yi. Ba gawayi, ba hayaƙi, ba toka. Wa ya zauna ya yi wannan tunani? Wani bawan Allah, a wata ƙasa, shi ma hannunsa ya taɓa mutuwa a hanya… ko shi ma yana da 'ya? Da na san shi da na yi masa addu'a da sunansa.

Choji ne ya ɗaura mini ɗazu, a garejinsa na ƙarƙashin gadar jirgi a Catford. Mutumin Jos, wai su sun san sanyi tun a gida, mu Sakkwatawa ne 'yan koyo. Yana ɗaure waya yana yi mini dariya. “Malam Zailani, na yi connecting ɗinsa direct da batir. In ka sauka ka yi switch off. Ka manta, gobe da safe turi za ka yi, mashin ɗinka ba kik.” Na ce na ji. Ina jin sa kuwa? Idona yana kan 'yar jar fitilar da ta kama, hannuna yana kan robar, ina jira… sai ta fara. A hankali, daga tsakiyar tafi.

Danja. Ja. Bas a gefena, mutane a ciki sun dunƙule cikin kwat. Ba su sani ba. Ba wanda ya san abin da nake riƙe da shi.

Ke ba ki san Inna ba, kakarki. Duk jaririn da aka haifa a unguwarmu ita ake kira gashin cibi. Ta zauna gaban kasko, ta shimfiɗa tafinta bisa garwashi, ta juya, ta kai kuncinta ta gwada, sannan ta ɗora a cikin yaro. Yaro na tsala kuka, sai ya yi ɗif. Ban taɓa ganin ta taɓa jariri ba tare da ta fara gwadawa a kuncinta ba. Ni kuwa ɗanta —

Ranar nan. Na shigo, na cire safar hannu, ke kina kan tabarma kin miƙo hannu biyu, haƙoranki na ƙasa sun ɗan leƙo. Ban yi tunani ba. Ina zan yi tunani, ni da ba na jin hannun? Na sa su ƙarƙashin rigarki na ɗaga ki. Ihun da kika yi… har maƙwabciya ta buga bango. Babarki Hansai ta fizge ki, ta taɓa yatsuna, ta ce, “Wannan ai hannun gawa ne.” Ta ba ni haƙuri daga baya. Me za ta ba ni haƙuri a kai? Na wanke gawar mahaifina, na san abin da ta taɓa.

Kore. Tafi. Old Kent Road a cushe, in bi tsakani.

Tun ranar nake shiga da hannu a baya. Ki miƙo, in yi miki dariya, in wuce wajen hita. Kuma jin hannun ba ya dawowa da sauri, Zaratu, ba ki sani ba. Fari fat tukuna, sannan shuɗi, sannan jinin ya taso da wani zugi mai sa babban mutum ya durƙusa a bayi yana cije leɓe kada iyalinsa su ji. Kafin su zama hannun mutum an yi miki wanka, kin sha nono, kin yi barci. Da asuba na fita. Kwalaye nake ɗauka wuni guda, na lauyoyi, na masu hoto, na bankuna, kowanne na rungume shi har inda za shi. Ke ce kaɗai ban ɗauka ba.

Jiya fa? Jiya na buɗe ƙofa kin ɗago, kin dube ni, kin koma kan cokalin da kike wasa da shi. Ba ki miƙo ba. Abin ya yi mini ciwo, ciwon da ya fi na zugin. Na tsaya da hannu a baya, ba wanda ya nema.

Greenwich. Kwalta na ƙyalli, a hankali… Bayan hannun da sanyi, gaskiya. Babban yatsa ma. Tafin kawai yake gasawa, nan ya tsaya. To ai da tafi ake ɗaukar yaro. Da tafi Inna take yi. Dubi yadda abin ya zo daidai — wanda ya ƙera shi bai san Inna ba, bai san ki ba, amma inda ake bukata nan ya sa wutar. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da mutum. Wuta a cikin roba, tana bina Woolwich, tana bina Plumstead, iska na dukanta ba ta mutu ba.

Kada ki yi barci. Hansai, don Allah ja wankan nan kaɗan.

Ga benayen Thamesmead, toka-toka, tagogi sun fara kamawa. Tamu ce can sama, mai koren labule. Jingine. Makulli. Sarƙar ɗaure babur — a'a, ƙarfe ne, zai sha ɗumin, bar ta yau. Safa a aljihu, hannu a hammata, gudu.

Lif ya mutu. Yau ma? Yau ɗin?

Matakala. Siminti na fitar da sanyi ta ko'ina. Matse hammata. Hawa… numfashi na cika hular kwano, ba hannun da zan cire ta. Hawa. Wata tsohuwa ta raɓe jikin bango, ta ga ƙato da hula ya rungume kansa yana haki. Yi haƙuri, Baba, ba zan iya bayani ba. Ɗumin yana nan? Yana nan, ina jin sa, kaɗan ya ragu. Hawa.

Ƙofarmu. Ƙamshin miyar kuka. Muryarki, da-da-da, da ƙarar cokali a kan kwano. Ba ki yi barci ba. Alhamdu lillahi, ba ki —

Jar fitilar.

Ban kashe ba. Hannun babur yana can ƙasa yana ci, yana gasa iskar Thamesmead, yana shanye batir. In yi switch off, Choji ya faɗa. Gobe turi, kuma mai raba mana aiki ba ya jiran kowa. In sauka? In sauka, in danna, in sake hawowa… da wane hannu? Wanda zan dawo da shi na jiya ne.

Bari ya ci.

Da me zan ƙwanƙwasa? In na fitar da su… Goshi. Hular ta bugi katako, ƙum, ƙum. Cokalin ya yi shiru. Takun Hansai.

Na zaro su. Ina so in gwada a kuncina yadda Inna take yi, hula ta rufe kuncin. Ina duban su a hasken baranda, ba fari, ba shuɗi, hannu dai. Da ɗumi? Ko ni ne nake so ya zama da ɗumi? Ban sani ba, Zaratu, wallahi ban sani ba… sakata tana motsi, ga su nan a gaba, a buɗe, ban ɓoye ba. Ke za ki faɗa.