Katakon da Ruwa Bai Taɓa Ba

Wani kafinta ya sa hannu zai kai wa wata makaranta a tsallaken iyaka tebura da kujeru kafin a dawo daga hutu. Aka dawo, ko ƙafar kujera bai yanka ba. Ƙofofin wani sabon otal ne suka ɗauke masa hankali. Ana haka sai ambaliya ta shiga shagonsa, shi kuwa ya samu abin fakewa.

Da makarantar ta ce za ta kai ƙara, ya gaya wa babbar 'yarsa, mai karatun lauya, cewa ruwa ne ya lalata katakon. Yarinyar nan ba ta taɓa jin ƙarya a bakin ubanta ba. Ta hana kanta barci tana bincike, shi kuma abinci ya daina yi masa daɗi.

Ta same shi a shago da safe, fuskarta cike da murna.

"Baba, dokar tamu ba ta karɓar uzuri sai aikin ya gagara gaba ɗaya. Tasu ta fi sauƙi, ko tsanani ya yi yawa ana iya ɗaga maka ƙafa. Amma duka biyun suna tambaya: da ba a yi ruwan ba, da ka cika alkawari?"

"To," in ji kafinta, yana ta goge randarsa ta gyaran katako, wadda ba ta da datti.

"Bari in ɗauki hoton ɓarnar, shi ne shaidarmu."

Ta ɗauki hoton layin laka a bango, iya gwiwa. Ta duba ƙasa tana neman ruɓaɓɓen katako, ba ta gani ba. Sai ta ɗaga kai. Ga shi can a kan maratayi kusa da rufi, a jere, a bushe ƙayau.

Kunya ta rufe kafinta, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Tun ina ƙarama kake hana mu ajiye katako a ƙasa," ta ce a hankali. "Ni ce na manta."

Ta mayar da wayar cikin jaka. Da ma faɗa ta yi masa, da ya fi sauƙi.

"Uwata," ya ce, "babu wata ƙasar mai doka ta daban?"

"Ƙasashe da yawa, Baba. Duk sai sun yi tambayar nan."

Ya jawo tsani ya hau. Ta tsaya a ƙasa tana karɓar katakon ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalle shi ba.