Takalmin Aro

Gayu ake ce masa a makaranta, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Yana da ƙoƙari, amma ya fi kula da karin gugar wandonsa a kan littafinsa. Da aka sa shi cikin ɗaliban da za su je taro a wata ƙasa mai nisa, aka kuma ɗora masa jawabin gaisuwa ga waɗanda za su tarbe su a filin jirgi, ba jawabin ne ya dame shi ba. Takalmi ne.

Yayansa yana da wani sau-ciki baƙi na fata, sabo fil, yana ajiye a kwali sai ranar da zai fara sabon aiki. Gayu ya yi ta naci har Mama ta sa baki.

"Ya yi maka kaɗan," in ji Yaya.

"Fata ce, Yaya, za ta saki."

"Fatar ƙafarka ce za ta saki. Ga sharaɗina: yadda na ba ka, haka za ka dawo min da shi. Ka kuskura ka take masa dunduniya, to ka nemi wurin zama a can."

Gayu ya ɗauki alkawari. Mama ta cusa masa silifas a jaka, tana juya baya ya zare, ya sa kwalbar turare a gurbinsu. Mai son a gan shi ba ya jin magana.

A filin jirgi Malama, wadda ke jagorantar tafiyar, ta tara su. "Zaman nan dogo ne. Ku sha ruwa, ku riƙa tashi kuna taka ƙafa." Ta dubi takalmin Gayu, ta dubi fuskarsa, ta wuce.

Wata ɗaliba da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya hutawa, ta zo da silifas na roba masu ƙaton fure ja a sama.

"Ke kuma wanka za ki, ko ƙasar waje?" in ji Gayu.

"Ni dai ƙafata tana shan iska. Taka fa, an yanke mata hukunci ne?"

Kujerar taga ta faɗo masa. Kusa da shi abokinsa Sarkin Barci, sai wani ƙaton baƙo a bakin hanya. Jirgi ya ɗaga, kunnuwa suka toshe, masu surutu suka koma addu'a. Da aka daidaita a sama, Gayu ya ji yatsunsa suna kuka. Ya zare takalmin, ya goge shi da hankici, ya tura ƙarƙashin kujera, ya yi ajiyar zuciya.

Daga nan bai ƙara motsi ba. An kawo abinci cikin 'yan kwalaye, an kwashe. Ya kalli fim, ya kalli wani, ya koma kallon taswira, inda ɗan hoton jirgi ke rarrafe bisa teku kamar hawainiya. Wani ɗalibi ya fito daga banɗaki ido waje, yana rantsuwa cewa ramin ya so ya zuƙe shi. Tun daga lokacin Gayu ya daina karɓar ruwa. Malama ta wuce tana taɓa kafaɗu, "Ku tashi ku miƙe." Sauran suka yi ta kai da kawo a siririyar hanya. Shi kuwa ya ga manyan mutane ba sa yawo a jirgi, ga Sarkin Barci ya saki baki, ga baƙo ya tare hanya. Ya ja bargo ya lafe.

Sai da aka yi shelar sauka ya janyo takalmi. Ya zura ƙafa, ta tsaya a rabi. Ya leƙa ƙasa. Ƙafafun nan sun kumbura suntum, idon sawu ya ɓace, kamar an ba shi na wani. Ya tura, ya murɗa, ya yi nishi. Ya sa cokalin roba ta baya, cokali ya karye.

Sarkin Barci ya buɗe ido ɗaya. "Take dunduniyar mana, ka huta."

"Na Yaya ne."

"Yayan yana jirgin nan? In mun koma ka cusa takarda, ta miƙe."

Gayu ya san fata ba ta mantuwa. Ya kuma san mutane suna can suna jiransu da kyamara, kuma shi ne a gaba. Ya ɗora dunduniyarsa a bayan takalmin, ya danna kaɗan, ya ji fatar ta fara ba da kai. Sai ya tuna yadda Yaya kan buɗe kwalin, ya duba kawai, ya mayar ya rufe. Ya janye ƙafarsa.

A nan zan ba shi haƙƙinsa. Wauta ce ta kai shi, amma amana ce ta tsayar da shi, kuma da yawa masu gemu ba sa tsayawa a inda ya tsaya.

Ya miƙe da safa, takalmi a hannu. Rediyo ta hango shi, dariya ta kusa kayar da ita kan kujera.

"Wayyo Gayu! Takalmin ne ya gaji ka ɗauke shi?"

Ta ciro kambas daga jakarta ta sa, ta tura masa silifas da ƙafa. "Ungo na wankan. A kula min da furen."

Haka ya bi doguwar barandar filin jirgin, faɗat-faɗat, rabin dunduniya a ƙasa. Haka ya bi layin fasfo. Haka ya tsaya gaban masu tarba, kwat a jiki, fure ja a ƙafa, sau-ciki a hammata, ya yi jawabinsa. Da ya gama, dattijon da ke shugabantar masu tarbar ya riƙe hannunsa, ya dubi ƙasa, ya yi murmushi.

"Tafiyar farko ce ko? Ni a tawa, a kujerar guragu aka fito da ni."

Kafin su isa masauki, Rediyo ta watsa hoton da ta ɗauke shi, har ya kai gida. Wayar Gayu ta yi ƙara. Yaya ne, fuskarsa ta cika allo, Mama tana leƙe ta bayansa tana share hawayen dariya.

"Juyo min bayansa in gani," in ji Yaya.

Gayu ya ɗaga takalmin, ya juya. Dunduniya a tsaye ƙyam.

Yaya ya daɗe yana dubawa, sannan ya gyaɗa kai. "Ya yi. In ƙafar ta saɓe, ka sa abinka har ka dawo." Sai ya ƙara da cewa, "Amma fa furen ya fi yi maka kyau."