Ranar da Surukina Ya Ce In Ba Shi Albasa

Ni ban shiga ajin yaƙi da jahilci don in iya Turanci ba. Shekarata talatin ina jefa koma a dam ɗin Tiga, ban taɓa kama kifin da ya nemi in yi masa Turanci ba. Saboda Humaira na shiga.

Humaira autata ce. Mijinta Mujitaba shi aka ba riƙon ajin manya na ƙauyenmu, nan ɓangaren Bebeji. Riƙon gwaji ne na wata uku, sannan a turo mai dubawa. In ya ci, aiki ya tabbata. In ya faɗi, ya riga ya ce zai ɗauki matarsa su koma Riruwai wurin yayansa, haƙar kuza. In ta tafi can, ganinta sai salla-salla. Aka ce ɗalibai ashirin ake so, an samu sha tara. Na sa takalmina bayan la'asar na nufi firamare.

Ina shiga, alli ya faɗi daga hannun Mujitaba. Ya tuɓe takalmi a gaban allo, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba. Lafiya dai?"

"Karatu na zo. Ci gaba da abin da kake."

Ɗanliti ya fashe da dariya. Abokina ne tun tsohon gari, kafin ruwan dam ya cinye garin, yanzu lambun albasa yake yi.

"Yau mun shiga uku," ya ce. "Malami a ƙasa, ɗalibi a tsaye. Labaran, zo ka zauna kafin gwiwar yaron nan ta huda siminti."

Na matse a bencin yara can baya, gwiwata har haɓa.

Gaskiya yaron ya iya koyarwa. Ba ya cika allo da rubutu. Albasa ɗaya yake karɓa a hannun Ɗanliti, ta dinga yawo a aji. Ya ce wa wannan "gib it tu mi", wato ba ni ita. Ya ce wa wancan "gib it tu him", wato ba shi. Ya ce "tek it firom him", a karɓe daga hannun mutum. Da yake ba mace a ajin, tsintsiyar da ke lungu ita ce mace. In ya ce "tu ha", sai ka tashi ka ajiye albasa a gabanta da ladabi. Zakari mai faci har gaisuwa yake ƙara mata.

Amma albasar nan ba ta taɓa sauka a hannuna ba. In ta zo kan na kusa da ni, sai Mujitaba ya dubi rufi, ya tura ta wani layin. Ta yaya zai buɗe baki ya ce wa uban matarsa ba ni? Ni ma ban nema ba. Ni lamba na zo cikewa. Wata uku ina zaune kamar buhun masara.

Ranar dubawa wata Hajiya Zubaida ta zo, da tabarau da babban fayil. Ta zauna gefe tana kallo. Albasa ta zaga lafiya, har Ɗanliti bai yi kuskure ba. Na fara cewa a raina an gama.

Sai ta ɗaga biro. "Malam, wancan dattijon na baya fa? Kowa ya yi sau biyu, shi ko ɗaya."

Ta tashi da kanta, ta karɓi albasar ta ɗora mini a tafin hannu. "Bismilla. Karɓa daga wurinsa."

Mujitaba ya tako kamar mai tafiya kan ƙaya. Yana isowa gabana ƙafarsa ta fice daga takalmi da kanta, ya kai ƙasa.

"Baba, in da hali, in ba takura..."

"Da Turanci, Malam," in ji Hajiya. "Kuma a tsaye. Ina ka taɓa ganin an koyar a tsugune?"

"Surukinsa ne, Hajiya," Ɗanliti ya ce. "Ko tari ba ya yi a gabansa."

Aji ya ɗauki dariya. Ita ba ta yi ba. Ta buɗe fayil ta fara rubutu, ni kuma ina ganin bakin biron nan na ga motar Riruwai da kayan ɗakin Humaira a ɗaure a sama.

Na ce, "Kai, tashi."

"Baba..."

"Tashi na ce. Da wane yare ka zo neman aurenta?"

"Da Hausa, Baba."

"To da Hausa nake surukinka. Wannan yaren na allo bai je ɗaurin aure ba, bai ci goron kowa ba. Yi mini magana da shi."

Ya miƙe, ƙafa ba takalmi, ido a rufin kwano. Ya motsa baki.

"Ban ji ba. Kunnen masunci ne, ruwa ya shiga."

"Gib it tu mi!"

Ƙarar ta fi yadda ya nufa, har ya dafe bakinsa. Na miƙa masa. Ya ce in karɓa, na karɓa. Ya ce in ba Zakari, na ba shi ina faɗa da bakina, "tu him". Ashe duk zaman buhun masarar nan abin yana shiga. Da ya ga haka sai ya sake jiki, ya juya ni hagu da dama kamar ya daɗe yana jiran ranar. A ƙarshe ya ce "gib it tu ha".

Kowa ya waiga lungun tsintsiya. Ni na wuce ta, na je na ajiye albasar a kan fayil ɗin Hajiya.

Sai a sannan ta yi dariya, har ta cire tabarau. Ta ja layi a kan abin da ta rubuta, ta sa hannu a ƙasan takarda. "Aiki ya tabbata, Malam Mujitaba. Amma gobe a koyar da takalmi." Ta maido mini da albasar.

A bakin ƙofa ya sake zubewa. "Baba, a yi haƙuri, na ɗaga murya."

Mun dawo Hausa ke nan, don haka ban ce ya tashi ba. Na tambaye shi lafiyar mahaifinsa, da mahaifiyarsa, da yayansa na Riruwai, da yadda kasuwar kuza take, ɗaya bayan ɗaya, ban yi gaggawa ba.

Ɗanliti ya miƙo hannu. "Labaran, albasata. Gib it tu mi."

"Kai ba malamina ba ne," na ce. Na jefa ta aljihu, na bi ta gidan Humaira na ba ta ta sa a miya.