Riga Mai Lamba Biyar

"Riƙe min hannun, kar ya karkace," in ji Rafali, tsohon alƙalin wasan ƙwallon unguwa.

Dogo mai walda ya durƙusa a gefen gadon ya tallafi hannun tsohon. Hannun nan da in ya ɗaga jan kati tun daga bakin titi ake hangowa, yau biro ya gagare shi. Da ƙyar sa hannun ya fita a ƙasan takardar, a karkace duk da haka. Ɗakin na warin man zafi, takalman ƙwallo na ƙarƙashin gado da busasshen taɓo a jikinsu.

Wata bakwai rabon Dogo da gidan nan, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ko gaisuwa ya yanke. Da safen nan ne matar Rafali ta leƙo shagonsa ta ce, "Babanka na kira. In fushin ne, taho da shi, ɗakin zai ɗauke ku."

Gasar ma'aikatan unguwa ce ta haɗa su, wadda ake bugawa duk Asabar: makanikai, teloli, direbobi, masu walda. Shekara ashirin Rafali na hura musu usur. Ranar wasan masu walda da direbobi, Dogo na asibiti matarsa na haihuwa, sai 'yan ƙungiyarsu suka ɗauko wani ɗan haya suka zura masa rigar Dogo mai lamba biyar. Ɗan hayar ya shiga ƙafar wani direba da gangan, ƙashi ya ce ƙas. Rafali ya kore shi, ya rubuta a rahoto: lamba biyar. Kwamitin gasa kuwa, mutanen da ba a ganinsu a fili sai ranar ba da kofi, suka buɗe jerin sunaye, suka ga lamba biyar Dogo ne, suka haramta masa taka filin har abada. Ba wanda ya kira shi ya ji ta bakinsa. 'Yan ƙungiyarsu suka yi gum, don kar asirin ɗan haya ya tonu. Tun daga nan, in ya wuce tasha sai ya ji ana cewa, "Ga mai karya ƙafa nan."

"Na ga fuskar yaron sarai," Rafali ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Na san ba kai ba ne. Gajiya ce, wasa uku suka jibga min ranar, na rubuta lamba na huta. Sau huɗu ina zuwa ofishin kwamitin nan don in gyara, Dogo. Yau sakatare ya fita, gobe shugaba ya yi tafiya."

"Baba, ka bar maganar nan, ya wuce."

"Bai wuce ba. Ni zan tafi da shi a wuyana. Ga takardar wanke ka nan, kai musu a yau."

Sai a lokacin Dogo ya ji kunya ta rufe shi. Ashe duk watannin da yake ɗauke kai in sun haɗu a lungu, tsohon daga ofishin yake dawowa.

Ofishin gasar ɗaki ne ɗaya a saman shagon taya. Dogo ya yi sa'a, ya tarar da sakatare yana gyangyaɗi, ƙafafunsa kan buhun tsofaffin raga. Sakataren ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya.

"Wannan ne sa hannun? Ai kamar kaza ta yi tono. Ba zai karɓu ba. Sai ya zo da bakinsa."

"Malam, mutumin nan ko tashi zaune ba ya iyawa."

"To, a ɗauko shi mana. Asabar bayan wasa kwamiti zai zauna a fili." Ya miƙo masa takardar ya mayar da ƙafafunsa kan buhu.

Da ya dawo, Rafali ya tsare shi da ido. "Sun karɓa?"

Dogo ya buɗe baki zai ce e. Ya kasa. Mutumin da ya shekara ashirin 'yan wasa na zabga masa ƙarya ido cikin ido, ba a nan za a fara ruɗarsa ba.

"Sun ce Asabar, Baba. Wai sai ka je da kanka."

"Asabar," in ji tsohon, yana lissafi da yatsu a kan bargo. "Kwana huɗu. A samo keken guragu. Zan kai."

Bai kai ba. Ranar Alhamis da hantsi Dogo na tsakiyar haɗa wata ƙofar ƙarfe ya ji kukan mata ta bayan katanga. Ya kashe injin, ya zauna a ƙasa da gilashin walda a fuskarsa, ya daɗe bai cire ba. Da yamma ya je sanar da ofis rasuwar, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya rubuta a guntun kwali ya tura ta ƙasa.

Asabar ya tafi filin da takardar a aljihu, shi kansa bai san me yake fata ba. Ba sakatare, ba shugaba, ba ko inuwar kwamiti. Teloli da makanikai ne a jere a tsakiyar fili, sun gama motsa jiki har gumi ya bushe musu. Dogo ya tsaya a bayan farin layi, inda aka ce ya tsaya.

Kyaftin ɗin teloli, wanda daga can hayin gada yake zuwa, ya hango shi ya ɗaga murya.

"Dogo! Ina maƙwabcin naka? Jiya sakatare ya turo saƙo, shi aka ba wasan nan. Ƙarfe huɗu ta gota, bai taɓa yi mana haka ba."

Dogo ya dafe aljihun da takardar take ciki. Ƙwallo na ajiye kan ɗigon tsakiya. Mutum ashirin da biyu, hannuwa a ƙugu, duk sun juya suna kallon ƙofar shigowa.