Bakin da Aka Kulle a Dulab

Ranar da Ummusalama ta jiƙe da fitsari a zaune a gaban 'yan ajinsu, malamarsu Asiya ta rantse a ranta sai Ustaz Abduljalil ya ɗanɗani irin kunyar da yarinyar ta sha.

Ummusalama 'yar shekara goma ce, 'yar Gado mai yankan riɗi a manyan gonakin bayan Gadarif. Tun haihuwa harshenta bai saku ba, hannun dama kaɗai ke yi mata biyayya, amma babu abin da ke wuce ta a allo. Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta kawo wa makarantar na'urori huɗu, kowa yana ce musu jihaz: ɗan akwati ne mai maɓalli takwas, a ɗauki murya a kowanne, yaro ya danna, akwatin ya yi magana a madadinsa. Ustaz Abduljalil, mudir, wato shugaban makarantar, ya karɓe su hannu bibbiyu, aka ɗauke shi hoto, sannan ya mayar da su cikin ledarsu ya kulle a dulab, wato kabad ɗin ofishinsa.

"Amana ce," in ji shi. "Hannun yaro ba ya barin abu da rai."

Sau ɗaya a shekara suke shan iska, ranar da lajna, wato kwamitin hukuma, ke zuwa daga Hartum don tantance buƙatun ɗaliban. Kuma shi da kansa ya cika maɓallan da muryarsa: sallama, kabbara, hamdala, maraba da baƙi, godiya ga hukuma, godiya ga ƙungiya, godiya ga mudir, sai na ƙarshe mai cewa komai tamam. A tambayi yaro me yake buƙata, ya danna, muryar ƙaton namiji ta yi godiya. Baƙi su rubuta cewa babu buƙata, su ci wake da burodi, su kama hanya kafin la'asar.

Da Asiya, wadda ba ta cika shekara da fara koyarwa ba, ta shiga ofis tana huci, mudir ko ɗago kai bai yi ba.

"Ya mudir, tun safe yarinyar nan take buga benci, na zaci wasa take. Da jihaz ɗinta na hannunta..."

"Da ya jiƙe shi ma." Ya turo mata takarda. "Kalas, na gaji. Na rubuta cewa ba ta amfana da karatu, a mayar da ita gida. Duktora shugabar lajna za ta sa hannu ranar Lahadi. Ga jihaz, ki kai shi caji, ki koya mata kada ta danna kabbara a wurin sallama kamar bara."

Asiya ta karɓi jihaz ɗin, ta ce to. Wanda ya san ta ya san wannan to ɗin ba ta alheri ba ce.

Ranar Juma'a bayan abincin rana ta tsallake baƙar lakar unguwa zuwa gidan Gado. Ta tarar da Ummusalama a kan gadon igiya ƙarƙashin rumfa, yayarta Jummare tana yi mata kitso. Asiya ta zauna ta fito da wata takarda da ta cika da maganganu takwas da za a ɗauka a jihaz ɗin, kowace tana iya tsire mudir. Ta karanta ta farko, ta karanta ta biyu. Jummare ta tsayar da tsinken kitso.

"Ustaza, to wannan bakinki ne ko nata?"

"Ai gaskiya ce!"

"Shi ma mudir gaskiyarsa ya zuba mata. Ke kuma ga taki. Wallahi ƙanwata ta zama tulun kowa."

Maganar ta soki Asiya har ƙashi. Ta ninke takardar ta cusa a jaka, ta matso kusa da yarinyar.

"Ummu, yafe ni. Ke za ki zaɓa. In kin yarda buga sau ɗaya, in ba ki yarda ba kau da kai."

Sun kai la'asar suna yi. Ruwa, ta buga. Bayi, ta buga da ƙarfi har Jummare ta sunkuyar da kai. Ciwo. Inna. Eh. Da aka zo kan a'a sai ta buga sau uku tana dariya, miyau na zuba. Na bakwai ya ba su wuya, suka yi ta lalube tana kau da kai, sai da Jummare ta ce, "Ko dai, dakata ban gama ba?" Yarinyar ta buga.

Saura ɗaya. Asiya ta dubi yarinyar. Ummusalama ta ɗaga hannu a hankali ta nuna kwaɗon da ke rataye a ƙofar ɗaki, sannan ta kai yatsa bakinta. Ta sake nuna kwaɗon. Ta sake nuna bakin.

"Ki ga 'yar nema," in ji Jummare. "Ashe kina riƙe da shi."

Da Larabci aka ɗauka, tun da shi baƙin ke ji, kuma da muryar Jummare, don a karon farko akwatin ya yi magana kamar mace 'yar gidan Gado.

Lahadi aka share fili, aka yayyafa ruwa. Duktora Sara, shugabar lajnar, dattijuwa ce mai farin lulluɓin tob da tabarau a bakin hanci. Yara uku suka wuce a gabanta suna godiya da muryar mudir, tana rubutu ba ta ko kallonsu. Aka turo Ummusalama a kan keken guragu. Mudir ya ajiye takardar korar a kan tebur, ya ɗora alƙalami a kai.

"Wannan ce na faɗa miki, ya Duktora. Mun yi iya ƙoƙarinmu. Yi sallama, 'yata."

Yarinyar ta danna. "A'a."

Duktora ta ɗago. Mudir ya yi murmushin yaƙe, ya ce zafi ne ya taɓa na'urar, ya miƙa hannu zai ɗauka.

"Dakata, ban gama ba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya saki dariya ya rufe baki. Duktora ta cire tabarau ta jawo kujerarta kusa da keken.

"Kina gane abin da nake faɗa?"

"Eh."

"Shida a tara da bakwai, sha huɗu ne?"

"A'a."

"Sha uku?"

"Eh."

"To, me kike buƙata a makarantar nan?"

Asiya ta zuba wa akwatin ido. Yatsan yarinyar ya bi ta saman maɓallan, ya wuce ruwa, ya wuce ciwo, ya sauka a kan na takwas.

"Mudir yana kulle bakina a dulab."

Ta sake dannawa. Ta kuma dannawa, idonta a kansa, ko ƙiftawa ba ta yi. Sau biyar muryar Jummare ta cika ajin, har malaman da ke leƙe ta taga suka ji, har mai sayar da shayi a bakin ƙofa ta ji.

"Sharri ne!" in ji mudir. "Wannan malamar ce ta..."

"Ni na ɗauka, ita ta zaɓa," in ji Asiya. "A tambaye ta. Yanzu ai tana da a'a."

Duktora ta juya ga sauran yaran. Ta ɗauki jihaz ɗin yaron da ke kusa, ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, muryar mudir na ta godiya ga mudir. Ta juya shi, ga tambarin kamfani fes, ko ƙwarzane babu, abin da aka ce yana hannun yaro shekara uku.

"Shekara uku ina sa hannu a kan wannan," ta faɗa a hankali. Ta ja layi biyu a kan takardar korar, ta miƙa tafin hannu. "Makullin, ya Ustaz."

Ya daɗe yana laluben aljihun jallabiyarsa. Asiya ta tsaya tana kallo, ba ta ji tausayinsa ko na ƙwayar riɗi ba. Makullin ya fito, Duktora ta miƙa mata, ta ce daga yau kowane yaro da nasa yake kwana, kuma za ta dawo bayan wata ɗaya ba tare da sanarwa ba.

Da za su fita, mudir ya sunkuya kan keken don baƙi su gani, ya ce, "Ai mun shirya, ko ba haka ba, 'yata?"

Ummusalama ta rungume akwatin da hannunta mai kyau, ta lalubo maɓallin da babban yatsa.

"A'a."